Aikin da ba shi da takarda, da ƙarin albashin da ba ya zuwa: yadda za ka gane haƙƙinka ka kuma neme shi

Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta ce dole mai aiki ya riƙa ƙara wa ma'aikacinsa albashi duk shekara ba. Gara a faɗi wannan tun farko, domin mutane da yawa na shiga ofishin manaja da zafin rai suna cewa doka ta ba su, a tambaye su wace doka, su yi tsuru-tsuru. Tsadar rayuwa hujja ce mai ƙarfi a teburin ciniki, amma ita kaɗai ba ta wajabta wa kamfani komai a gaban alƙali. Ƙarin albashi yana zama haƙƙi ne idan ya fito ta ɗaya daga ƙofofi huɗu: dokar mafi ƙarancin albashi, yarjejeniyar da kuka ƙulla da mai aikin, yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikata ta cimma a madadinku, ko ƙa'idar wurin aikin da aka rubuta ake kuma bin ta. Wanda aikinsa ya bi tsarin da aka saba yakan san ƙofarsa. Wahalar tana ga malamar makarantar kuɗi da ba a biyanta lokacin hutu, da maigadin da wani kamfani ya turo wa banki, da leburan masana'antun Sharaɗa ko Challawa a Kano da ake biya duk Asabar shekara da shekaru, da yaron shago a Kantin Kwari da aka ce masa "in ka daɗe za a sallame ka".

Mataki na farko: gano wane ne ya ɗauke ka, kuma a matsayin me

Tambayar tana da kamar wasa, amma a kanta yawancin ƙararraki ke tashi ko su faɗi. Doka ta bambanta ma'aikaci da ɗan jinga. Magini da kuka yi jinga zai ɗora maka ɗaki biyu a kan kuɗi kaza, da kayan aikinsa da yaransa, ba ma'aikacinka ba ne, kuma ba shi da zancen ƙarin albashi, sai dai ya sake farashi a jinga ta gaba. Wanda kuwa ake gaya masa ƙarfe nawa zai zo, ƙarfe nawa zai tashi, da kayan kamfani yake aiki, ba zai iya turo ƙaninsa ya yi a madadinsa ba, ana biyansa mako-mako ko wata-wata, wannan ma'aikaci ne ko da an kira shi da wani suna. Kotun Ƙoli ta jera irin waɗannan alamomi a shari'ar kamfanin Shena Security da Afropak a 2008, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa takan duba yadda aikin yake gudana a zahiri fiye da sunan da aka rubuta a takarda.

Saboda haka kada kalmar "wucin gadi" ta karya maka gwiwa. Sashe na 7 na dokar ƙwadago ya ce kafin ma'aikaci ya wuce wata uku da fara aiki, dole a ba shi takarda mai ɗauke da sunan mai aikin, irin aikin, albashin da yadda ake lissafa shi, awannin aiki, hutu, da wa'adin sanarwa kafin rabuwa. Shi ya sa wasu masana'antu ke sallamar leburori kafin wata uku ya cika, su bar su mako ɗaya a gida, su sake ɗaukarsu. Dabara ce sananniya, kuma idan aka yi ta maimaita ta a kan mutum ɗaya, a kan inji ɗaya, shekara uku ko huɗu, ita kanta ta zama shaida a hannunsa.

Akwai wani abu da ya kamata masu aikin ofis su sani. Sashe na 91 na dokar ya ware masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar "ma'aikaci". Akanta, injiniya ko manajan reshe ba za su dogara da yawancin sassan dokar ba. Abin da ke kare su shi ne takardar ɗaukarsu aiki, da kuma ikon da gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata a sashe na 254C na duba zalunci a wurin aiki da auna shi da ƙa'idojin duniya.

Idan kamfanin samar da ma'aikata ne ya turo ka, kamar yadda ake yi wa masu gadi, masu shara, direbobi da masu karɓar kuɗi a bankuna, to iyayen gidanka biyu ne: wanda ke biyanka da wanda ke sa ka aiki. Kowannensu zai tura ka wurin ɗayan. Ka fara da wanda sunansa ke kan takardarka, amma ka rubuta wa dukkansu, domin kotu ta sha ɗaukar su biyun a matsayin masu alhaki tare idan ta ga wanda ake yi wa aikin shi ke juya komai. Ma'aikatan kwantiragi na bankuna da kamfanonin inshora suna da ƙarin madogara: a 2022 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji na musamman a kansu, waɗanda suka taɓo ƙarin albashi, ƙarin girma da 'yancin shiga ƙungiya. Ka nemi kwafi a ofishin ƙungiyarku.

Mataki na biyu: auna albashinka da mafi ƙarancin albashi

A ranar 29 ga Yuli, 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, daga naira 30,000 da aka amince da ita a 2019 zamanin Muhammadu Buhari. Kafin nan naira 18,000 ce tun 2011. Gyaran na 2024 ya kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. Dokar ta shafi gwamnati da 'yan kasuwa baki ɗaya, kuma duk wata yarjejeniya ta biyan ƙasa da hakan ba ta da tasiri, ko da ka sa hannu da kanka. Wanda ya ƙi biya yana fuskantar tara, da biyan bashin da ya taru, da ƙarin kuɗi a kan jinkirin.

Sai dai dokar ta bar ƙofofin fita, kuma a nan ne yawancin mutanenmu ke zubewa. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ba ta hau kan masu aikin ɗan lokaci ba, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka samar, da masu aikin da ke bin kaka da damina kamar aikin gona. Ka duba unguwarku: kemis, gidan burodi, shagon ɗinki, ƙaramar islamiyya, wurin POS, kusan duk sun faɗa cikin waɗannan. A ganina wannan togaciya ta yi faɗi ƙwarai, domin ta bar mafi raunin ma'aikata a waje, amma haka dokar take a yau.

Abin yi shi ne ka ƙirga. Kada ka ƙirga abokan aikinka na kusa kawai. A makarantar kuɗi, malamai goma sha takwas ne, amma ga masu gadi uku, masu shara biyu, direban bas, magatakarda, mai kula da yara ƙanana. An wuce 25. Idan mai makarantar yana da reshe biyu a ƙarƙashin rajista ɗaya, ka haɗa su a lissafinka ka bar shi ya kawo hujjar raba su. Haka zancen kamasho: wanda ake ba ƙaramin albashi tsayayye, a ɗora masa kamasho, a kuma wajabta masa zuwa daga safe har magariba kwana shida, yana da bakin cewa shi ba ɗan kamasho zalla ba ne.

Kada kuma ka rikita adadin da gwamnoni suka sanar da na tarayya. A 2024 Kano ta sanar da naira 71,000, Kaduna 72,000, Legas 85,000, amma waɗannan na ma'aikatan gwamnatocin jihohin ne. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa 70,000 ce madogararsa. Wanda albashinsa ya riga ya haura hakan, dokar ba ta ƙara masa ko kwabo. Gyaran da ake yi wa na sama idan an ɗaga na ƙasa, ciniki ne tsakanin ƙungiya da mai aiki, ba umarnin doka ba. Masu karɓar alawus su ma lissafinsu daban ne: kuɗin masu yi wa ƙasa hidima ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 ne saboda gwamnati ta yanke shawarar hakan, yayin da naira 30,000 da aka riƙa ba 'yan N-Power a baya tallafi ce da ba a ɗauke ta albashi ba.

Mataki na uku: karanta abin da aka rubuta, ka tara shaidar abin da ba a rubuta ba

In kana da takardar ɗaukar aiki, ka nemi layin da ya yi maganar albashi ka karanta shi da idon mai neman kuskure. "Za a ƙara kashi goma cikin ɗari duk shekara" alkawari ne da kotu za ta iya tilastawa. "Kamfani na iya duba albashi lokaci zuwa lokaci" ba alkawari ba ne, dama ce da kamfani ya ajiye wa kansa. Tsakaninsu akwai irin "za a ƙara albashi bayan tabbatar da aiki". Nan sai ka duba wa'adin gwaji. Idan an ce wata shida, ga shi ka shekara biyu ana ba ka aiki ana biyanka ba wanda ya ce uffan, kotuna sun sha ɗaukar irin wannan shiru a matsayin tabbatarwa, kuma kana iya neman bambancin albashin tun daga ranar da wa'adin ya cika. Ka duba littafin ƙa'idojin ma'aikata ma, musamman idan takardarka ta ambace shi, domin ambaton nan ya mai da shi ɓangaren yarjejeniyarku.

Ma'aikacin gwamnati abinsa a fili yake. Akwai matakin albashi daga na 1 zuwa na 17, da ƙarin shekara-shekara a cikin kowane mataki, wanda ba a hana shi sai da dalili. Ƙarin girma kuwa ana cancantar neman sa bayan shekara biyu ga masu mataki na 6 zuwa ƙasa, uku ga na 7 zuwa 14, huɗu ga na 15 zuwa sama, amma cancanta ba ta nufin dole, sai an ci jarrabawa kuma akwai gurbi. Wanda ya shekara goma yana aikin wucin gadi a asibitin gwamnati ko sakatariyar ƙaramar hukuma ba ya cikin wannan tsani ko kaɗan, don haka abin da ya fi masa amfani shi ne ya nemi a tabbatar da shi, ba ƙarin dubu biyar ba.

Wanda ba shi da takarda, kada ya ɗauka ba shi da yarjejeniya. Doka ta san yarjejeniyar baka, matsalarta kawai shaida. Ka fara tarawa tun kana cikin aikin, tun ana gaisawa da fara'a: saƙon banki na kowane wata, katin shaida, hoton rajistar zuwa aiki, jadawalin aiki mai sunanka, saƙon WhatsApp da oga ya ce "bayan sallah za mu duba maganarka". In a hannu ake biyanka, ka sami ɗan littafi kana rubuta rana da adadi, ko ka riƙa zuba kuɗin a asusunka a ranar da aka ba ka. Ka ajiye kwafi a gida ko a imel ɗinka, domin ranar da aka sallami mutum ba a cika barinsa ya koma kan teburinsa ba.

Yaran shago da masu koyon sana'a sun cancanci a tsaya a kansu. Tsarin ubangida da yaronsa ya fitar da 'yan kasuwa masu yawa a Kano, kuma ba na cikin masu raina shi. Rauninsa ɗaya ne: ba a faɗin adadi, ba a faɗin rana. Yaro ya yi shekara takwas yana buɗe shago yana rufewa, ana ba shi kuɗin abinci da na mota, sai Alhaji ya rasu, magada su ce ba su san zancen ba. Dokar ƙwadago ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yin ta, kuma kada ta wuce shekara biyar. Fiƙihun Malikiyya da muke bi shi ma ya sharɗanta a san ladan aiki tun wurin ƙulla ijara, wato yarjejeniyar ɗaukar mutum aiki, idan kuma ba a ambata ba aka riga aka yi aikin, sai a koma ga ladan da ake biyan irinsa. Saboda haka neman a fayyace ba rashin kunya ba ne. Uba ko yayan yaron ya je da dattijo ɗaya, a zauna, a ce shekara nawa, sallamar kuɗi ce ko kaya ko shago, a rubuta ko a rabin takarda ne, shaidu biyu su sa hannu. 'Yan aikin gida ma haka, da ƙarin sharaɗi ɗaya: kuɗin ya shiga hannun mai aikin, ba hannun dillaliyar da ta kawo ta daga ƙauye ba.

Mataki na huɗu: lissafa abin da ake bin ka tun kafin zancen ƙari

Sau da yawa kuɗin da aka danne wa mutum ya fi ƙarin da yake roƙo. Doka ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya a kowane mako, da aƙalla kwanakin aiki shida na hutu da albashi bayan wata goma sha biyu, da kwana goma sha biyu na jinya a shekara idan likita ya tabbatar. Mai juna biyu tana da hutun haihuwa na mako goma sha biyu, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida a wurin. Awannin da suka haura na ƙa'ida aikin ƙari ne, ko da yake dokar ba ta yanke farashinsa ba, sai abin da aka yi yarjejeniya. Yankan albashi da sunan tara haramun ne sai inda doka ta yarda, kuma jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a kamfanin da ke da mutum 15 ko fiye. Ka duba asusunka na fansho, domin akwai masu cirewa ba sa zubawa. Rage albashi kuma ba tare da yardarka ba saɓa yarjejeniya ne, kuma in ka karɓi ragaggen wata da watanni ba ka ce komai a rubuce ba, za a ce ka amince.

Mataki na biyar: nema

Idan binciken ya nuna haƙƙi ne, ka rubuta takarda gajera, ba zagi ba barazana: ranar da ka fara aiki, abin da aka yi alkawari ko doka ta tanada, abin da ake biyanka, bambancin, da roƙon a gyara cikin mako biyu ko wata ɗaya. Ka kai kwafi biyu, a buga hatimi a naka.

Idan kuwa ba haƙƙi ba ne, ciniki za ka yi, kuma ciniki yana da lokaci. Ba ranar da aka kama kaya a hanya ba, ba gaban kwastoma ba. Bayan an rufe lissafi mai kyau, ko lokacin sabunta kwantiragi, ko ranar da aka ɗora maka aikin wanda ya tafi. Ka zo da adadi a bakinka, wanda ka samo daga abin da ake biyan irinka a wurare biyu ko uku. Magana irin wannan ta fi shiga: "Ranka ya daɗe, da na zo aji ɗaya nake ɗauka, yanzu uku ne har da haɗa sakamakon jarrabawa. Kuɗin mota kaɗai yana cin kusan rabin abin da nake karɓa. Ina roƙon a mai da shi dubu tamanin daga wata mai zuwa." Tsadar rayuwa tana da alƙalumanta in ana so: tun cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban shekarar. Mai aikin ma ya sha wannan wutar, dizal da haya sun cinye shi, don haka ka bar masa hanya. In ya ce babu, ka nemi kuɗin mota, ko abincin rana, ko rage kwana ɗaya, ko a biya rabin albashi lokacin hutun makaranta, ko a sa rana a rubuce da za a sake zama. Kada ka ce za ka tafi sai in da gaske kana da wurin zuwa. Wa'adin sanarwar sallama a doka gajere ne: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa biyar, wata ɗaya daga nan.

Murya ɗaya ana iya share ta, goma da wuya. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, dokar ƙwadago kuma ta hana korar mutum saboda hakan, ma'aikacin wucin gadi ma yana ciki. Yawancin ƙarin albashin da ake gani a masaƙu, bankuna da kamfanonin abinci daga yarjejeniyar ƙungiya ya fito. In akwai irin ta a sana'arku, ka tambayi reshen manyan ƙungiyoyin ƙwadago, NLC ko TUC, na jiharku ko ta shafe ka.

Mataki na shida: idan an ƙi

Ka fara da sulhu. A kasuwa shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa da dattawan layi sukan warware abin da kotu za ta shekara a kai, kuma a Kano mutane na kai irin wannan gaban Hisbah. Sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiharku, inda jami'in ƙwadago zai iya gayyatar mai aikin ya kuma duba littattafan albashinsa. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ma tana sauraron ƙorafi a kan hukumomi da kamfanoni kyauta. In duk ba su yi ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano, Kaduna, Jos da Abuja da wasu biranen, tana kuma da cibiyar sasanci a cikinta. Mara ƙarfin ɗaukar lauya ya tuntuɓi Hukumar Ba da Tallafin Shari'a.

Kada ka yi jinkiri, musamman idan hukumar gwamnati za ka kai ƙara, domin lauyoyinta kan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ba da wa'adin wata uku kacal na shigar da ƙara. Ka kuma kula da takardar da ake miƙo wa mutum ranar biyan kuɗin sallama, mai cewa ya karɓi duk haƙƙinsa ba ya bin kowa komai. In akwai sauran bashin albashi ko bambancin da kake nema, kada ka sa hannu sai an rubuta adadinsa a jiki, ko ka nemi a ba ka kwana biyu ka nuna wa lauya ko sakataren ƙungiya.